Haƙori Ɗaya Kuɗin Shiga

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma ina so in faɗe shi tun bai tsere mini ba.

Na ga kaina a bayan tashar motar Gusau, daidai inda masu faci suke zama, sai dai babu masu faci. Wani dogon gini fari ne a wurin, mai bututun hayaƙi uku. Hayaƙin daga sama yake saukowa, yana shigewa cikin bututun a hankali. A jikin bango an rubuta da jan fenti: KAMFANIN CAKULAN, ANA ZAGAYAWA DA BAƘI. Rana tsaka ce. Tef ɗin awo yana rataye a wuyana kamar yadda nake yini da shi a shago, domin ni tela ne, shekara talatin da shida ke nan ina taka keke.

Inna tana tsaye a gefena, riƙe da hannun rigata. Shekararta ashirin da tara da rasuwa, amma ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne ta fito ba takalmi, ga ƙasa da zafi.

Ta ce, “Sallau, biya mana mu shiga.”

Na ce, “Inna, me za mu gani a ciki? Alewar Turawa ce kawai. Ana sayar da ita a kanti.”

“Biya mana,” in ji ta.

Muka bi layi. Tagar sayar da tikiti ƙarama ce ƙwarai, kuma raƙumi ne a bayanta, leɓensa kaɗai ake gani. Da muka iso na yi sallama, ya amsa cikin ladabi, ya tambaye ni iyali.

Na ce, “Nawa ne shiga?”

“Babba haƙori ɗaya. Na ciki, mai tauna. Ba ma karɓar na gaba.”

“Tsohuwa fa?”

Ya ce ta buɗe baki. Inna ta buɗe, babu ko ɗaya. Ya ce ita kyauta ne.

Na ce a rage mini. Ya ce ba a ciniki. Na ce ina da wani mai rami, dama yana damuna da sanyin safiya. Ya ce mai lafiya suke karɓa. Sai na koma gefe, don ni ban taɓa sayen ko yadi guda ba sai na shafa shi na ji. Mutane suna fitowa ta wata ƙofa, suna tafiya da baya, kowa ya dafe kunci. Na tare wani dattijo mai jar hula.

“Alhaji, don Allah, abin da ke ciki ya kai kuɗinsa?”

Ya dube ni ya ce, “Ban sani ba, ban shiga ba tukuna.” Ya ci gaba da tafiyarsa da baya har ya sha kwana.

Na tambayi wata mata mai goyo. Ta ce, “Ƙanshin dai ya kai.”

Inna kuwa sai ɗaga ƙafa ɗaya take yi ta sauke, ta ɗaga ɗayar, saboda zafin ƙasa. Na sa yatsu biyu a baki na kama haƙorin. Ya fita kamar ƙwayar masara daga totuwa, ba jini, ba zafi. Raƙumin ya jefa shi a gwangwanin madara, na ji ya yi ƙara a kan ’yan uwansa. Ya miƙo mana ganyen mangwaro guda biyu da hatimi a kansu.

Sai ga mu a ciki.

Mai zagayawa da mu belbela ce, sanye da farar riga irin ta ma’aikatan asibiti. Mu bakwai ne baƙin. Ta raba mana hular leda, ta ce kowa ya rufe gashinsa, har mai sanƙo.

Ta ce, “Dokokinmu biyu ne. Ba a taɓa inji, kuma ba a tambayar ƙarfe nawa. A nan daga ƙarshe muke farawa. Ku biyo ni.”

Ɗakin farko dogon teburi ne, mutane zaune jere a kansa cikin tufafi masu kyau, Turawa da Larabawa da namu. Kowa yana tauna, can sai ya sa hannu ya zaro cakulan daga bakinsa, cikakke, busasshe, mai kusurwa huɗu. Ya naɗe shi a takarda mai ruwan zinariya, ya ɗora a kan bel mai tafiya. Da zarar ya ajiye, sai murmushin fuskarsa ya ɗauke. Babu mai magana. Ƙanshin wurin kuwa ya cika hanci har maƙogwaro, kamar an haɗa gyaɗa soyayya da ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Na ce wa Inna a hankali, “Wannan ne na ba da haƙorina a kai?”

Ta ce, “Yi tafiya.”

A ɗaki na biyu ake narkar da shi. Ruwan cakulan yana hawa bango daga ƙasa zuwa sama, ya shiga wata babbar tukunya da ke kife a rufi. Daga nan ake raba shi. Sukari ya fita ta bututun dama, wasu mata suna ɗura shi a cikin rake suna toshewa. Madara ta fita ta hagu, inda shanu suke tsaye a layi, kowace tana jiran a mayar mata da nata. Wata saniya ta ce wa ma’aikacin ba wannan ba ne nata. Ya ba ta haƙuri, ya sake dubawa.

Belbela ta ce, “Wanda daɗin kawai ya zo gani, nan ne iyakarsa.”

Mutum uku suka tsaya a nan. Da na juya in kama hannun Inna, sai na ga bayanta ya miƙe. Ta daina dogara da ni.

Ɗaki na uku na wuta ne, amma sanyi ake yi a cikinsa. ’Ya’yan koko, wato na bishiyar da ake yin cakulan da shi, suna shiga tanda baƙi ƙirin, su fito ta ɗaya gefen ɗanye. Ma’aikatan suna hura hannu saboda ɗari. Sauran baƙin biyu suka zauna a kan benci suka ce sun gaji. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Na ce, “Inna, lafiya?”

Ta ɗan sauke mayafin. Haƙoranta sun dawo duka, farare, har da wushiryar da na manta tana da ita.

Ta raɗa mini, “Kada tsuntsuwar nan ta gani, a ce in biya.”

Furfurarta ta tafi. Na dubi hannuwana, nawa suna nan yadda suke, da jijiyoyi da kantar almakashi.

Sai ga mu a sito, mu biyu da belbela. Buhuna ne jibge har rufi, dubbai, ba a ganin ƙarshensu. Belbela tana bayani a kan jirgin ruwa da yadda yake mayar da kaya inda ya ɗauko, ni kuwa idona yana kan bakin buhunan. Tela ba ya wuce ɗinki bai duba ba. Yawanci ɗinkin inji ne. Amma akwai wani jeri a ƙasa da aka ɗinka da basilla, taku uku a miƙe, na huɗu a komo baya, a ƙarshe ƙulli biyu. Na durƙusa na shafa da yatsa, duk da an hana taɓawa.

Mutum ɗaya na sani mai wannan ɗinkin. Shi ya fara riƙa mini hannu a kan allura, a kan buhun gero, a zauren gidanmu a ƙauye.

Yaya Nomau ɗan farin Inna ne, ya girme ni da shekara huɗu. Shekarar da gero ya ƙi, ya bi motar goro zuwa Kurmi, can bayan Kumasi, ya kama aikin shanya koko da ɗinkin buhu a gonar wani. Shekara biyu yana aiko da saƙo. A ta uku wasiƙa ta zo, takarda ɗaya mai rubutu gaba da baya. Ni ne mai karatun boko a gidan, don haka ni na karanta wa Inna a tsakar gida. Gaban takardar gaisuwa ce: yana lafiya, aiki da godiya, a gaida wane da wance. A bayan kuwa an rubuta: Sallau, wannan naka ne. Tari ya kama ni, ƙafafuna sun kumbura, ba na iya hawa mota ni kaɗai. Ka zo ka tafi da ni gida.

Na karanta gaban da ƙarfi. Bayan takardar kuwa, na riga na karanta shi a zuci tun a hanya.

A lokacin na gama tara kuɗin keken ɗinki, shekara uku ina tarawa. Na je tasha na tambaya, aka ce zuwana da dawowarmu mu biyu zai cinye su kaf. Na ce bari in sayi keken, in yi ɗinkin Sallah, sai in tafi da ribar. Sallah ta wuce. Na ce bayan Babbar Sallah. Wata wasiƙa ba ta ƙara zuwa ba, ni kuma ban ƙara zuwa tasha na tambaya ba.

Belbela ta ce, “Malam, ka taɓa kaya.”

Na ce, “Na taɓa.”

Ta ce, “To shi ke nan.” Ta tura wata ƙofar langa-langa da baki.

Bayan ƙofar babu gini. Kurmi ne, bishiyoyi sun rufe sama, ’ya’yan koko ja da ruwan ɗorawa suna manne a jikin kututture kamar an liƙa su. A tsakiya an share fili, an kafa gadajen gora, an baza koko a kan tabarmi. Ruwa yana tashi daga jikin ƙwayoyin, ɗigo-ɗigo, yana hawa sama yana taruwa ya zama girgije. Wani saurayi yana juya su da dogon katako, yana tsayawa yana tari.

Ya ɗago. Bai wuce shekara ashirin da shida ba. Rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, mai aljihu ɗaya. Na girme shi yanzu da fiye da shekara talatin, amma ƙafafuna da kansu suka durƙusa.

Na ce, “Yaya, ina wuni.”

“Lafiya lau, Sallau. Ya hanya?”

“Lafiya lau.”

“Ya mutanen gida?”

“Suna gaisuwa.”

Ya ƙare mini kallo, ya ce, “Ka tsufa, ƙanena.”

Sannan ya cire hula ya durƙusa wa Inna. Ita kuwa ta juya gefe tana kallon wata bishiya, kamar yadda ta saba, don a duk rayuwarta ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido a gaban mutane ba. Yayanka take cewa, ko kuma wancan. Ta amsa gaisuwar tana fuskantar bishiyar. Yanzu ta koma kamar ranar da ya tafi, mace mai ƙarfi, da lalle a ƙafa.

Yaya ya ce, “Ka sayi keken?”

Na ce, “Na saya.”

“Yana ɗinki da kyau?”

“Bai taɓa ba ni wahala ba.”

“To madalla,” in ji shi. Babu gatse a muryarsa. Da da gatse ne, da na fi jin sauƙi.

Ya tsinko koko guda, ya buga shi a jikin gado ya rabe biyu. A ciki ƙwayoyin suna lulluɓe da wani farin abu mai yauƙi. Ya ce in tsotsa. Zaƙi ne da tsami, kamar tsamiyar da ba ta gama nuna ba. Na ciji ƙwayar, ɗaci ya cika mini baki.

Ya ce, “Ba a cizo. Wai ni kam, Sallau, kai da ka biyo ta ciki, me suke yi da shi? Shekara uku ina ɗinke shi a buhu, ban taɓa ganin inda yake zuwa ba. Wani ya ce mini magani ne.”

Na ce, “Alewa ce, Yaya.”

“Alewa?”

“Baƙa, a takarda mai ƙyalli. Tana narkewa a baki.”

Ya bi gadajen da kallo, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ce, “Da daɗi?”

“Sun ce da daɗi.”

“To ai ba a yi aikin banza ba.” Tari ya sarƙe shi, ya dafa katakon har ya lafa. Na ga ƙafafunsa. Ba su shiga takalmi, ya yanke bayan takalmin robar ya taka.

Da numfashinsa ya dawo, sai ya ce, “Inna, saƙona ya iso kuwa?”

Na dubi Inna.

Inna ta ce wa bishiyar, “Rabinsa ya iso.”

Na ce, “Inna...”

“Ban iya karatu ba, Sallau, amma ina da ido. Da la’asar ka karanta, rana tana bayanka. Ina zaune a kan turmi, bayan takardar yana fuskantata, cike da rubutu. Na ga ka zo ƙarshen gaban ka ninke.”

“Me ya sa ba ki ce in juya ba?”

Ruwa yana ta hawa sama a tsakaninmu.

Ta ce, “Biyu gare ni. Ɗaya ya tafi Kurmi bai dawo ba. Na san in ka juya takardar nan, dole in ce ka tafi. Sai na tashi na ce bari in duba tuwo.” Ta gyara mayafinta. “Babu tuwo a wuta ranar.”

Shekara bakwai muka ƙara yi tare da ita bayan wannan wasiƙar, ina kawo mata cefane, ina ɗinka mata zane kowace Sallah, muna gaisawa safe da yamma. Ashe kowannenmu yana ɗauke da abu ɗaya, yana ɓoye wa ɗan uwansa.

Sai Inna ta bar kallon bishiyar. Ta juyo gaba ɗaya, ta dubi ɗanta a fuska.

Ta ce, “Nomau.”

Ya ce, “Na’am, Inna.”

“Nomau,” ta sake cewa, kamar tana gwada sunan a bakinta. “Kawo katakon nan. Zauna ka miƙe ƙafa.”

Ya miƙa mata ba gardama. Ya zauna a kan buhu, ya jingina da kututture, ya lumshe ido. Inna ta ɗaure zanenta a ƙugu, ta shiga juya koko kamar tana shanyar gero a bayan ɗaki.

Na ce, “Yaya, ka yafe mini.”

Bai buɗe ido ba. Ya ce, “Na jira ka Juma’a goma sha ɗaya a bakin hanya. Motar arewa ran Juma’a take zuwa. Daga baya na daina iya fita, sai na roƙi mai shayi ya riƙa duba mini.” Ya yi ɗan murmushi. “Na kwatanta masa kai, na ce siriri ne mai gashi da yawa. Ko yau ka sauka ba zai gane ka ba.”

Ban san ko wannan yafiya ce ba. Na jira ya ƙara wani abu, sai na ga barci ya ɗauke shi.

Belbela ta taɓa ni da fiffike. “Malam, zagaye ya ƙare. Ta nan ake fita.”

Na ce, “Inna, taso mu tafi.”

Ta ce, “Ni nan na zo.” Ba ta ɗago ba.

Na ce wa belbela ina so in ƙara lokaci. Na buɗe baki na nuna mata, na ce ta ɗauki duk wanda take so, ta kwashe duka. Ta ce tikiti sau ɗaya ake sayar wa mutum.

A bakin ƙofar fita an ajiye ƙorai biyu a kan kujera, ɗaya fara, ɗaya baƙa. Belbela ta sa mini ƙwayar koko guda a tafin hannu.

Ta ce, “Muna tambayar kowane baƙo, don mu gyara aikinmu. In abin da ka gani ya kai kuɗinsa, ka jefa a fara. In bai kai ba, a baƙa.”

Na leƙa. Duka biyun babu komai a ciki.

“Sauran mutanen fa?”

“Suna tafiya da ita gida, su ce za su yi tunani.”

Na tsaya da ƙwayar a hannu. Ta bayana ina jin katakon Inna yana jan koko a kan tabarma, ƙur, ƙur, ƙur. Na juya in ƙara ganinsu, amma ƙafafuna sun riga sun fara tafiya da baya, su biyun suna ƙanƙancewa a tsakanin bishiyoyi. Na kira shi. Ban ce Yaya ba, sunansa na kira, da iyakar ƙarfina. Ƙarar katakon ta yi ta ƙaruwa har ta rufe muryata.

Na buɗe ido. Larai ce, matata, a bakin ƙofar ɗaki, tana kankare ƙanzon tukunyar tuwon jiya da cokali. Gari ya waye tas, har na makara sallah. Matashina ya jiƙe.

Ta leƙo da tukunyar a hannu. Shekararmu ashirin da bakwai da aure, ta san yadda nake son shayina, ta san ciwon gwiwata tun kafin in faɗa.

Ta ce, “Malam, ruwanka ya yi zafi tun ɗazu.” Ta ɗan tsaya. “Wane ne Nomau?”

Na tashi zaune, na matsa gefe a kan katifa.

Na ce, “Ajiye tukunyar, Larai. Zo ki zauna.”